Shirin Aikin Gwiwa Daga Agege

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Likitan ƙashi ya kafa hoton gwiwata ta dama a jikin fitila, ya nuna mini inda ya kamata a ga tazara tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta ɓangaren ciki babu tazarar ko kaɗan. Guringuntsin da ke tsakani ya cinye, ƙashi ne ke gogar ƙashi, shi ya sa ƙafar ta fara yin baka. An sha magani, an yi allura a cikin gaɓar, yanzu sai sauyawa. Za a gyare bakin ƙasusuwan, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa roba mai tauri a tsakaninsu.

Ya ba ni 5 ga Agusta, amma da sharaɗi. Awon suga na wata uku, wanda suke kira HbA1c, ya nuna 8.9, shi kuma yana so ya gan shi ƙasa da 8, domin suga idan ya yi yawa ciwo ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama. Nauyina kilo 94. Da zan tashi ya ce, "Alhaji, ni gwiwa zan sauya maka, ba zan sauya maka cinya ba. 'Yan kwanaki za ka yi a wurinmu, sauran aikin a gidanka yake."

Gidan nawa kuwa a saman bene yake a Agege, masai na tsuguno ne, wuta sai ta ga dama. Kasuwata Mile 12 ce, harkar albasa. Kuɗin tiyatar kanta magana ce ta miliyoyi, ita muna kanta ni da ƙanina. A nan shirin jiki da na gida kawai zan riƙa rubutawa.

Asabar, 17 ga Mayu

Zama na farko da mai gashin ƙashi. Matashiya ce Bayarabiya, Baba Alhaji take ce mini. Ta fara da awo kafin komai. Gwiwar tana lanƙwasuwa zuwa digiri 105, miƙewa kuma saura digiri 10 ta cika. Ta zagaya tef a cinyoyin biyu, ta dama ta fi ta hagu ramewa da santimita 3. Ban taɓa lura ba, ashe shekarun da na yi ina ɗingishi ina kare ƙafar, tsokar ce ke zubewa. Sannan ta zaunar da ni a kujera, hannu a ƙirji, ta ce in tashi in zauna na daƙiƙa 30. Bakwai na yi, na ƙarshen ma da ƙyar.

Bayaninta ya zauna mini. Tsokar gaban cinya ita ce ke miƙar da gwiwa, ita ke riƙe mutum idan zai tashi ko zai sauka daga matakala. A watan farko bayan tiyata takan rasa rabin ƙarfinta ko fiye, saboda kumburi da ciwo. To wanda ya shiga da ƙarfi kaɗan, rabin kaɗan zai fito da shi.

Abin da ta ba ni, safe da yamma: in kwanta rigingine in danne bayan gwiwa a kan katifa, in ƙame cinyar in ƙirga biyar, sau goma. In ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga katifa, in sauke a hankali, sau goma. In ja diddige zuwa mazaunai in mayar. In riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa daga idon sawu. Sai tashi da zama a kujera. Ta kuma ce in ɗora diddige a kan tawul da aka naɗe, gwiwar tana reto a iska na minti biyar, don ta koyi miƙewa. Wannan na ƙarshen ya fi duka zafi, ga shi kuma kamar ba ka yin komai.

Kuɗin zama ₦10,000. Mun yi da ita sau ɗaya a mako, sauran ni da auta ne a gida.

Laraba, 21 ga Mayu

Ana yi. Bayan asuba da bayan isha'i. Cinya tana tsami, gwiwa ba ta ƙara kumburi ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Maganar abinci ta fi motsa jikin wuya. Karyawata tun zuwana Ikko ita ce shayi mai kauri da madarar gwangwani da burodin Agege, da rana kuma a kasuwa lemo mai sanyi ne ke sauke mini zafi. Likitan suga ya gyara mini magani, ya ce lemon ya fita gaba ɗaya, burodin a rage. Uwargida ta karɓi ragamar. Yanzu da safe ƙwai ne da shayi ba sukari, ko ƙosai kaɗan, da rana wake da ganye, da dare tuwo malmala ɗaya da miya mai yawa da kifi. Kwaɗon zogale ya dawo gidan.

An gargaɗe ni kada in ce zan rame da yunwa. Jikin da za a yanka yana bukatar nama da kifi da wake don ya haɗe, wanda kuma ya hana kansa abinci tsokar ce take fara tafiya kafin teɓa. Kilo huɗu ko biyar ya isa. Kowane kilo ɗaya da ya sauka daga jiki, gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Jiya na ga mai burodi ta wuce da tire a ka, na kau da kai. Uwargida ta ce, "Alhaji, ai ko kallon ma na ga ka rage." Na ce mata ta bar ni da abin da ya dame ni.

Alhamis, 29 ga Mayu

A kasuwa shawara ta yi yawa. Wani abokin cinikina mutumin Aliero ya rantse in na bi motar albasa na je garinsu, masu ɗori za su tayar da ni ba tare da an taɓa ni da wuƙa ba. Sunan Aliero a ɗori ba ɓoyayye ba ne, kuma ban raina shi ba. Amma ɗori na abin da ya karye ne ko ya goce. Ni ba abin da ya karye mini, abu ne ya ƙare, ba a kuwa ɗora abin da babu. Wata mai tumatir ta kawo mini agbo, jiƙon Yarabawa, a gora. Na gode mata, na ajiye. Likita ya riga ya ce duk wani jiƙo da tsimi a bar shi, domin wasu suna hana jini tsayawa, wasu suna karo da maganin sa barci, kuma ba wanda zai iya gaya maka abin da ke cikin gorar.

Wanda ya ce mini ƙarfen shekara biyar yake yi ya lalace, shi ma na ba shi amsa. 'Yata ta karanta mini binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019, cewa kusan 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25. Ina da 59. Allah ya ba mu tsawon rai mu ga ƙarshen ƙarfen.

Litinin, 9 ga Yuni

Koma baya. Ranar Juma'a aka yi Babbar Salla. Kafin nan na je karar Oko-Oba neman rago, tsayuwa ce da zagaye cikin taɓo, sai idi, sai yanka da rabon nama, ana hawa bene ana sauka. Ranar Asabar da dare gwiwar ta cika tam, ta ɗauki zafi, ƙoƙon ma ba a ganinsa. Ɗaga ƙafa a miƙe da nake yi goma babu wahala, ko uku na kasa. Lahadi ban sauko ƙasa ba.

Mai gashi ta zo gida yau, ₦15,000 da kuɗin mota. Ta taɓa, ta tambayi ko akwai zazzaɓi, babu. Ta ce ruwa ne gaɓar ta tara don an matsa mata, kuma idan gwiwa ta kumbura, cinya takan ƙi amsa kira, ba ƙarfin ne ya gudu ba. Tashi da zama a dakata. A ci gaba da ƙame cinya da kaɗa tafin ƙafa. A ɗaga ƙafar ta fi ƙirji tudu, a sa matashi a ƙarƙashin sharaɓa da diddige, ban da ƙarƙashin gwiwa, don kada ta saba da zama a lanƙwashe. Ƙanƙara a cikin tawul, minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini.

A nan aka yi ta. Kwana biyu ba wuta a layinmu, firij ya zama kabad. Auta ya zagaya har wajen Pen Cinema kafin ya samo ƙanƙarar bulo. Mai gashi ta ce, "Baba Alhaji, bayan tiyata makonni za ka yi kana bukatar wannan kullum, ka san yadda za ka yi tun yanzu." Na sa a lissafi: babbar kula ta ajiye ƙanƙara, da yarjejeniya da mai ƙanƙara.

Da zan yi la'asar a kujera sai na ji abin ya tsaya mini a rai, shekara hamsin goshina yana taɓa ƙasa. Liman ya leƙo gaishe ni, na faɗa masa. Ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ya ce in tsaya a inda zan iya tsayawa, in zauna a inda ya gagara. Ya kamata in saba, domin durƙuso a kan sabuwar gwiwa ba abin farko-farko ba ne, wasu ma ba sa komawa gare shi.

Asabar, 14 ga Yuni

Kumburi ya sauka. An koma tashi da zama, biyar-biyar. Kasuwa rabin yini, babban ɗana na riƙe da rumfa.

Asabar, 21 ga Yuni

Makon gyaran gida. Tun ran gini, tun ran zane.

Babbar nasara ita ce ɗaki. Maƙwabcinmu na ƙasa, mai gadi ne a Ikeja, gwauro, ya yarda mu yi musaya na wata uku, shi ya hau ɗakin samarina, ni in sauko. Mai gida ya ce ba ruwansa in dai haya na shiga. Matakala biyu kawai ke tsakanin ɗakin da tsakar gida.

Masai na tsuguno ba zai yiwu ba, gwiwar da aka yi wa aiki ba ta kai wa nan. Na sayi kujerar bahaya mai hannuwa da bokiti a ƙasa, ₦48,000. Ana cire bokitin a ɗora ta a kan ramin. Mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki, ₦18,000 har da aiki, na rataya da duk nauyina a gabansa kafin na biya. Kujerar roba ta wanka da tabarmar roba mai hana santsi, ₦9,500. Tayil ɗin banɗakin nan in ya jiƙe ko mai lafiya yana iya kayarwa.

Kafinta ya ƙara wa gado ƙafa, yanzu in na zauna a baki tafin ƙafata na ƙasa, kwankwaso ya ɗan fi gwiwa tudu. Kushin ɗin falo na yi sallama da shi, nutsewa ake yi a ciki, tashi sai an ja mutum. An kawo kujerar katako mai hannu. An naɗe ledar ɗaki da bakinta ya tashi, an ɗauke wayar janareta da ke ratsa ƙofa, an sa fitila mai caji a hanyar banɗaki. Uwargida ta so a bar darduma a shimfiɗe, na ce a riƙa naɗe ta bayan kowace salla, ƙafar ƙarfen dogarawa tana iya harɗewa da ita.

Talata, 1 ga Yuli

Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ya iso, na hannu ne, ₦30,000. An daidaita tsayinsa da wuyan hannuna ina tsaye. Tsarin tafiyar: ƙarfe gaba, ƙafa mai ciwo, sannan mai lafiya. A matakala kuwa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Auta ya mai da shi waƙa yana tsokanata. Gara in koya yanzu da kaina a sake, da in koya ina cikin zafin ɗinki.

An ƙara aikin hannu, domin damtse ne zai ɗauki nauyin da ƙafa ta ajiye. Ina dafa hannuwan kujera in ɗaga jikina, ina kuma ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana sauke buhun albasa, yau gorar ruwa ke sa shi haki.

Na je wajen likitan haƙori kamar yadda aka umarta. Ya sami turmi ɗaya da ya ruɓe, ya cire, ₦20,000. Ƙwayar cuta daga baki tana iya bin jini ta sauka a kan ƙarfen, in kuwa ta kama shi, fitar da ita babban aiki ne.

Litinin, 14 ga Yuli

An ɗaga ranar.

Ruwan makon jiya ya cika layinmu, kwata ta haɗe da titi. Ba yadda za ka fita daga gida zuwa bakin hanya ba ka taka ba, a Mile 12 kuma taɓo ne da ruɓaɓɓen ganye har idon sawu. Ranar Laraba tsakanin yatsun ƙafar dama ya fara ƙaiƙayi, fatar ta yi fari ta tsage. Cin ruwa ne, abin da a da sai dai in shafa man kanti in wuce. Zuwa Asabar wajen ƙaramin yatsa ya buɗe yana ɗan ruwa.

Yau a asibiti likita bai fara ta gwiwar ba, yatsun ya buɗa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba zai sa ƙarfe a ƙafar da ke da buɗaɗɗen ciwo ba, balle ga mai suga. Na ce saura mako uku, ai zai warke. Ya ce yana so ya ga fatar ta rufe ta kuma zauna a rufe, ba ranar da ta rufe ba. Sabuwar rana 19 ga Agusta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ƙanina ya riga ya shirya tahowa daga Funtuwa, maƙwabci ya riga ya kwashe kayansa, wata ukun musayar ɗaki ya fara ci tun ban kwanta ba. A danfo na dawo, gwiwa a takure a bayan kujerar ƙarfe, gosulo tun daga Oshodi. Da na huce na ga gaskiyarsa. Jinkirin mako biyu ya fi a sake buɗe gwiwa a ciro abin da aka sa.

An ba ni man shafawa na kashe cin ruwan da ƙwayoyi na mako ɗaya, ₦11,000. Bayan kowace alwala a tsane tsakanin yatsu da tawul na daban, wannan ne ma abin da ban saba ba, da sai in zura silifa da danshina. Na sayi takalmin ruwa, ₦8,000. Kasuwa na bar wa yara har sai an yi aikin. Duk dare uwargida na haska tocila ta duba ƙafar, ta ce ita yanzu ta zama nas ba albashi.

Asabar, 19 ga Yuli

Wurin ya bushe. Motsa jiki bai tsaya ba. Tafiya a baranda kawai, ban taka waje.

Laraba, 30 ga Yuli

Sakamako ya fito. HbA1c ya sauko 7.6. Nauyi kilo 89 da ɗoriya. Hawan jini daidai, awon zuciya da na ƙoda lafiya. Gwaje-gwajen duka ₦62,000. Jinina ya ɗan yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini, an ce kada in sha shi da shayi don shayi na hana shi shiga jiki. An nemi a tanadi jini leda biyu ko da za a bukata. Babban ɗana da wani yaron rumfa sun je sun bayar.

Wajen mai gashi: lanƙwasa digiri 112, miƙewa saura 5, tashi da zama 12 a daƙiƙa 30. Bambancin cinyoyin ya ragu zuwa santimita ɗaya da rabi. Ciwon gwiwar yana nan, guringuntsi ba ya dawowa don an yi atisaye. Amma yanzu ina tashi daga kujera ba tare da na kira sunan kowa ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ganawa da likitan sa barci. Allurar baya za a yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, ni ina farke ko ina gyangyaɗi. Na kai masa duk magungunan da nake sha a leda. Ya ware diclofenac, ya ce in daina mako ɗaya kafin aiki saboda zubar jini, in koma paracetamol. Maganin suga ba za a sha ba safiyar ranar. Na hawan jini ya rubuta mini wanda zan sha da wanda zan bari. Abinci a tsaya awa shida kafin shiga. Kada in aske gashin ƙafar da reza, ƙaramin yanka ma ƙofa ce. Ya tambayi taba, na ce rabona da ita tun ina saurayi. Mai sha, in ji shi, sai ya bari aƙalla mako huɗu kafin nan.

Likitan ƙashi ya sake buɗa yatsun. Ya gyaɗa kai.

Lahadi, 17 ga Agusta

Gobe za a kwantar da ni, jibi aiki in Allah ya yarda. Ƙanina ya iso jiya, kallo ɗaya ya yi mini ya ce, "Yaya, ina tumbin?"

Jimillar abin da shirin ya ci, ban da tiyata, ya haura ₦370,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na gashin ƙashi ne. Kula ₦25,000 tana ciki. Mai ƙanƙara zai riƙa kawo bulo biyu kowace safiya, an biya shi na mako biyu.

A jaka akwai gajeren wando mai faɗi, jallabiya biyu, takalmi mai rufin diddige, carbi, caja, da takardun gwaji. Ƙarfen dogarawa zai bi mu. Ranar dawowa ba danfo ba keke, an yi magana da mai mota, kujerar gaba a tura ta baya, a fito da sassafe kafin hanya ta cushe, ni kuma in yi ta kaɗa tafin ƙafa har mu iso.

Na tara mutanen gida na gaya musu abin da aka gaya mini, don kada a tsaya shawara idan ya faru. Sharaɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, alamar gudan jini ce, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Haka zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa. Maganin tsinka jini da za a ba ni, uwargida ce mai riƙe lokacinsa. Ƙanina zai kwana da ni a ɗakin ƙasa. Auta ne mai ƙirga atisaye, na kuma ba shi izinin ya ƙi jin magiyata.

Abin da aka sa mini a gaba: tsayawa da ƙarfe a ranar aikin ko washegari, lanƙwasa digiri 90 da cikakkiyar miƙewa a makonni biyun farko, cire ɗinki wajen mako biyu, sannan a bar ƙarfe a koma sanda idan cinya ta yarda. Mai gashi za ta riƙa zuwa gida sau uku a mako a farko, mun daidaita a kan ₦12,000 kowane zuwa. Har in samu zama, 'yata ce za ta riƙa rubuta awon kowace rana a wannan littafin.